Mabuɗin Zauren Malama Ladingo

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A garinmu an yi wata tsohuwar malamar kimiyya, Malama Ladingo, mace mai taurin kai irin wanda nake so. Da ta yi ritaya sai ta roƙi kwamitin unguwa wani tsohon ɗakin taro, ta mai da shi zauren ƙere-ƙere. Akwai keken ɗinki, injin walda da zarto, kowa ya zo ya yi aikinsa ya koya wa wani. Amma masu zuwa ba su fi goma ba. Ga idanunta sun fara dushewa. Rannan kwamiti suka ce ranar Asabar bayan la'asar za su leƙo, in ba su ga jama'a ba, zaure ya koma rumbun taki.

Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta ce to, za ta yi lacca a kan yadda garken taurari na farko suka samu, kuma duk wanda ya ceci zauren shi za ta damƙa wa mabuɗi.

Sallau mai gyaran rediyo ya yi kwana huɗu yana fama da wata matacciyar waya, da gilashin ƙara girma, da batirin sola, har ya haɗa majigi. Ya toshe tagogi da buhuna. Da ya kunna, bango ya cika da hoton taurarin, ɗigo-ɗigon haske ja, wanda ya yi tafiyar shekara fiye da biliyan goma sha uku kafin ya iso. Malama ta matsa har hancinta na taɓa bango, ta gani, ta yi hawaye.

Gambo mai rubuta allon shaguna shi ya yi sanarwa. Bayanin Malama ya yi masa tsawo, sai ya taƙaita: KU ZO KU GA TAURARI TUN SUNA JARIRAI. Gari kuwa ya ɗauka taurarin fim ake nufi! Ranar Asabar har kan katanga mutane, 'yan kwamiti da ƙyar suka sami benci. Har yau Gambo bai faɗa ba ko kuskure ya yi ko da gangan.

Malama ta fara magana a kan iskar da ta bazu a sarari da ƙarfin da ke janyo ta wuri guda. Ba ta gani sosai, amma tana jin ƙarar takalma suna nufar ƙofa.

Sai Iya Tabawa mai tuwo-tuwo, wadda ke zuwa zauren ana liƙe mata tukwane, ta miƙe.

“Malama, tsaya. Wato gudaji kike nufi?”

“Me kika ce, Iya?”

“Gudaji mana! In ka zuba gari ba ka tuƙa da kyau ba, nan ya dunƙule, can ya dunƙule, ƙarami ya manne wa babba. Shekara talatin ina yaƙi da su, ashe da su Allah ya ƙawata sama!”

Zaure ya fashe da dariya. Malama ta ce wallahi ba ta taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba. Masu fita suka dawo, aka yi ta tambayoyi har aka kira magariba. Kwamiti suka ce a nema wa taki wani wuri.

Washegari Malama ta zauna da mabuɗi a tafin hannunta, su ukun suna gabanta, ta kasa miƙa shi. Ba don Sallau ba, babu abin gani. Ba don Gambo ba, babu mai gani. Ba don Iya Tabawa ba, da kowa ya watse. Mabuɗi kuwa ɗaya ne, idanunta ba za su jira ba.

To, ku da kuke nan, hannun wa za ta saka shi?