Kayan Haƙar Barau

An ce wai a garin Tsaunin Gawo an taɓa yin wani alƙali mai suna Haliru, mutum mai sanyin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. A zamaninsa kuma akwai wani dattijo ana ce da shi Nomau, wanda ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi.

Duk sa'ad da mai sana'a ya rasu aka zo rabon gado, magada kan raba gida da gona da dabbobi, su bar kayan aikin mamacin a ƙuryar zaure, tsatsa ta ci ƙarfen, gara ta ci ƙotar, daga baya a sayar wa masu narka tsohon ƙarfe. To, a nan ne Nomau kan iso da jakinsa. In sayarwa za a yi ya saya, in zubarwa za a yi ya roƙa. Gizagon masassaƙi, awartakin maƙeri, basillar baduku, duk yakan kai su gida ya kankare tsatsa, ya wasa, ya sa sabuwar ƙota. Sa'an nan ya nemi wanda ya iya aikin amma ba shi da abin yi, ya danƙa masa. Ba ya karɓar komai. Sai dai ya faɗa masa sunan mai kayan na farko, ya ce ya riƙa sa shi cikin addu'a.

Ana nan sai Barau mai haƙar rijiya ya rasu, kuma mutuwarsa ta tsorata garin. Ya shiga rijiya lafiya lau yana ba'a da mutanen da ke sama, aka jawo shi babu rai, babu rauni a jikinsa, idanunsa a buɗe. Ranar rabon gado, 'ya'yansa suka ƙi ko taɓa kayan aikinsa: dagi babba da ƙarami, da fartanya mai guntuwar ƙota, da gugan fata na fid da ƙasa, da dogayen igiyoyi. Babban ɗansa Mati ya ce a kai su kududdufi a jefa. Sai ga Nomau.

Mati ya ce, "Baba Nomau, bar kayan nan. Su suka kai mahaifinmu inda ya tafi."

Nomau ya ce, "Mati, kayan nan su suka ciyar da ku tun kuna goye. Ba zan iya kallo a jefar da su kamar mushe ba."

Ya ɗora su a jaki ya tafi. Bayan ya gyara su, ya ba wani magidanci mai suna Jatau, wanda ya daɗe yana ja wa Barau ƙasa, ya iya aikin sarai, rashin kaya ne kaɗai ya hana shi tsayawa da ƙafarsa.

Da rani ya tsananta, tsohuwar rijiyar gari ta ƙafe, aka sa Jatau haƙa sabuwa a bayan kasuwa. Ya yi nisa ƙwarai, har wanda ya leƙa ba ya ganin komai sai duhu. Wata rana da hantsi yana can ƙasa da ƙaramin dagin, aka ji rugugi, ƙura ta taso daga bakin ramin. Bangon rijiyar ya rufta daga tsakiya. Masu jan guga suka saki igiya suka watse.

Da ƙura ta lafa, jama'a suka matso. Can daga ƙarƙashin ƙasar da ta zube, aka ji nishi, dogo, mai ja, ya yi shiru, ya sake tasowa. Wata tsohuwa ta ce wannan ba muryar mai rai ba ce. Mati ya durƙusa ya saurara, ya miƙe, ya ce, "Muryar Baba ce. Ya samu ɗaya, yana kiran wani."

Daga nan babu wanda ya sake matsawa kusa. Tabawa, matar Jatau, ta bi maza ɗaya bayan ɗaya tana kama musu riga, kowa ya kau da kai. Babban dagi da fartanya da guga da igiyoyi suna yashe a bakin rijiya, ana kewaye su kamar maciji. Kafin azahar magana ta zama ɗaya: a tura kayan a ciki, a cike ramin da ƙasa tun rana ba ta faɗi ba. Wasu suka je suka jawo Nomau daga gidansa, rawaninsa ya warware, har aka fara cewa shi ma a haɗa da shi. Dattawa ne suka ce a dakata a kira alƙali.

Alƙali Haliru ya zo da kansa. Ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya ya kasa kunne, nishin nan ya taso masa. Ya miƙe, aka shimfiɗa masa buzu, ya zauna, ya ce a yi magana.

Mati ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba mugu ba ne. Na wanke gawar mahaifina da hannuna, na ga idanunsa, kuma har yau ban daina ganinsu ba. Na ce a jefar da kayan nan, dattijon nan ya ƙi. Yanzu ga na biyu ya tafi. In aka bar su a bayan ƙasa, wa ya san gidan da za su shiga gobe?"

Tabawa ta ce, "Malam, mijina ne. Na san nishinsa, haka yake yi in zazzaɓi ya kama shi. Da ransa za su binne shi."

Alƙali ya dubi Nomau. Dattijon ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na ɗauko, ni na gyara, ni na ba shi. Ban ga sharri a jikin ƙarfen ba. Amma in na ce yau zuciyata ba ta raurawa, na yi ƙarya."

Alƙali ya sunkuyar da kai. Ya san in ya yi musu wa'azi ba za su ji ba, domin tsoro ya toshe musu kunnuwa. In ya hana su, yana ba da baya za su cike ramin. In kuma ya biye musu, ya kashe rai da bakinsa. Ga shi ba a fid da ƙasa daga rami mai zurfin wannan sai da hannuwa masu yawa a kan igiya, kuma babu hannu ɗaya da ya yarda ya taɓa ta. Rana tana ta karkata.

Can ya ɗago ya ce, "Na ji ƙararku, kuma na karɓa. Za a binne kayan Barau a cikin rijiyar nan."

Tabawa ta zube ƙasa. Jama'a suka sauke ajiyar zuciya.

Alƙali ya ci gaba. "Amma abin da ake tsoro ba a yi masa binnewar ganganci. In kuka jefa su bisa ƙasar da ta rufta, suna kusa da sama. Damina ɗaya ruwa zai tone su, wani ya tsinta ya shigo da su gari, ku koma inda kuka faro. Kuma ɗan'uwansu, ƙaramin dagi, yana can ƙasa. Ba a raba su. Saboda haka sai an kwashe ƙasar da ta zube, an kai su har gindin rijiya, a haɗa su wuri ɗaya. Wanda ya dawo da su cikin jama'a shi zai kai su. Nomau, kai za ka sauka."

Kowa ya ɗauka hukuncin kisa ne aka yanke wa dattijon. Alƙali ya kafe shi da ido, ya ce, "Ka yarda? In ba ka yarda ba, faɗi." Nomau ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya dubi Tabawa, ya ce, "Na yarda, Malam."

Alƙali ya juya ga jama'a. "Saura naku. Kowane gida ya ba da namiji ɗaya ya kama igiya. Gidan da ya sa hannu wajen rakiyar kayan nan ya rabu da su. Gidan da ya ƙi, ni ban san abin da ya rage tsakaninsa da su ba."

Nan da nan mutanen da ɗazu suke gudun igiya suka shiga turereniya a kanta, kowa yana tsoron a gama ba da shi ba. Mati ne a gaba a igiyar guga.

Aka gitta itace a bakin rijiya, aka ɗaura wa Nomau igiya a ƙugu, ya rungume dagi da fartanya, leɓunansa suna motsi da addu'a. Aka zura shi a hankali har duhu ya haɗiye shi. Jim kaɗan aka ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, Nomau ya girgiza igiya, aka jawo gugan farko.

Haka aka yi ta yi. Guga ya sauka wayam, ya hau cike. Masu ja suna kau da fuska duk sa'ad da ya iso, kada su ga abin da ba sa so su gani. Babu mai magana, sai karatu ƙasa-ƙasa da kukan igiya a kan itace. Lokaci-lokaci ƙasa takan zubo daga bango, a ji ta tana sauka kamar yayyafi. Aka yi la'asar a nan, rabi suna salla rabi suna riƙe da igiya. Bayan la'asar nishin ya ɗauke gaba ɗaya, kuma shirun ya fi nishin ban tsoro.

Sai aka sake jin rugugi. Ƙura ta taso, igiyar Nomau ta yi sako-sako. Wasu suka saki suka ja da baya. Alƙali ya tashi daga buzunsa, ya kama igiyar da hannunsa, ya naɗe ta a damtse, ya tsaya a bakin ramin. Ya kira sunan Nomau, shiru. Ya sake kira. Ganin alƙali a tsaye, waɗanda suka ja da baya suka ji kunya, suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

An jima, igiya ta motsa. Wata murya ta taso a shaƙe: "Ku ja a hankali. Mutum ne."

Suka ja. Abin da ya fito daga rijiyar jawur yake da ƙasa tun daga kai har ƙafa, ba ido ba baki, kansa a langaɓe. Mata suka ruga. Tabawa ce kaɗai ta nufe shi, ta share masa fuska da gefen mayafinta, ta zuba masa ruwa. Ya yi tari, ya buɗe ido. Jatau ne, ƙafarsa ɗaya a karye. Wani dutse ne ya tokare a tsakiyar ramin ya tare masa ƙasar, ya bar masa ɗan wurin numfashi.

Aka sake zura igiya, aka jawo Nomau, goshinsa yana jini, ba ya iya tsayuwa. Ya ce wa alƙali, "Na cika umarni, Malam. Duk na zuba su cikin guga, suna can gindin rijiya."

Alƙali ya dubi masu riƙe da igiyar guga, ya ce, "To, kaya sun isa inda aka ce a kai su. Saura ku saki igiya, ku zuba ƙasa. Mati, kai ka kawo ƙara, kuma kai ne a gaba. Fara saki."

Mati ya dubi hannuwansa, igiya ta saluɓe masa tafi. Ya dubi Jatau a kwance, kansa bisa cinyar matarsa yana shan ruwa. Sa'an nan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗazu na rantse muryar Baba na ji, da an bi ta tawa da yanzu mutumin nan yana ƙarƙashin ƙasa. Da dagin Baba aka tono shi. Ba zan iya saki ba. Na janye ƙarata."

Alƙali ya tambaya ko akwai wani mai ƙara. Ba a samu ba. Mati ya fara ja, na bayansa suka taya shi, har guga ya fito da kayan a ciki.

Da jama'a suka watse, alƙali ya raka Nomau gida da kansa, yana riƙe da kafaɗarsa. A hanya ya ce, "Nomau, ka yafe mini. Na sa ranka a inda ban da tabbacin zai dawo. Da ba ka fito ba, da ni na kashe ka, kuma da ban sake zama a kan buzun shari'a ba."

Nomau ya ce, "Na gane nufinka tun da ka ce sai gindin rijiya, Malam. Amma gane nufi bai hana gwiwoyina rawa ba."

Jatau ya warke da ɗingishi, kuma da kayan nan ya ƙarasa rijiyar, bayan an ɗaure bangonta da duwatsu. Ba duka mutane suka daina tsoro ba. Akwai gidajen da suka shekara ba su sha ruwanta ba. Amma daga ranar, in mai sana'a ya rasu a Tsaunin Gawo, magada da kansu suke aika wa Nomau ya zo ya duba abin da aka bari a zaure.

Masu hankali suka ɗauki darasi daga wannan, suka ce: ƙarfe ba ya gadon ajalin mai shi, aikinsa kawai yake gada, kuma jama'ar da tsoro ya kama ba a tsayar da ita da wa'azi, sai dai mai hikima ya samar wa tsoron nata aikin alheri ya yi.