Shamuwa da Ƙarfen Sabis na Rafin Gawo

Masu riƙe da labarai sun ce a Rafin Gawo an yi wani maigari mai suna Jatau, mutumin kirki, sai dai akwai shi da saurin yanke hukunci kamar ana korarsa. Shekarar da aka kafa dogon ƙarfen sabis a bayan kasuwa, ciwon kai ya sa shi gaba. Bai tambayi kowa ba, ya ce ƙarfen nan ne ke dafa masa ƙwaƙwalwa, ya aika wa maƙera su zo su kayar da shi.

To, akwai wata shamuwa da ta yi sheƙa a jikin ƙarfen, can ƙasa da faya-fayansa, har ta saka ƙwai. Sai labari ya iso mata. Da hantsi ta sauka a kan katangar fada, ta tarar maƙera sun hallara da guduma da zarto.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin a ɗaga guduma ka ba ni aron hankalinka. Ina jiye maka abin da ya sami Cindo mai gadi."

Maigari ya dafe goshi ya ce, "Wane ne kuma Cindo? Yi sauri, baƙuwar damina, kaina kamar ana daka a ciki."

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

A hanyata ta zuwa kudu nakan ya da zango a wani filin jirgin sama. Can akwai wani ƙaton faifai mai juyawa da ke hango jirage tun daga nesa, ana ce masa rada. An zagaye shi da jan layi, an hana kowa hawa dakalinsa in yana aiki. Cindo ke gadin wurin. Wata safiya mai sanyi ya hau ɗauko hularsa da iska ta kai, sai ya ji ɗumi ya ratsa shi, alhali ba wuta ba hayaƙi. Wayyo daɗi! Daga ranar ya samu wurin shan shayi, har yana yi wa masu hura itace dariya.

Ba a yi mako biyu ba idanunsa suka fara zafi. Wani dattijo mai gyaran na'urar, Baba Lawandi, ya gan shi a sama, ya kashe ta, ya janyo shi ƙasa da wuyan riga. Ya ce, "Kai wawan ina ne? Ɗumin nan naman jikinka yake gasawa daga ciki, kuma ido ne ya fi saurin cutuwa!"

Ai fa Cindo ya ruɗe. Ya jefa wayarsa a kwata, ya ce rediyo ma ya daina ji, aikin kuwa ya bar shi har abada. Baba Lawandi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Jiya ka rungume, yau ka zura da gudu. Zauna ka ji yadda gwaggona Kande ta yi."

Cindo ya ce, "Yaya ta yi, Baba?"

Baba Lawandi ya ce:

Gwaggo Kande ta ji a gidan biki wai waya na cin kunne. Tana komawa gida ta jefa tata a tukunyar ƙarfe, ta rufe da murfi, ta danne da dutsen niƙa. Ga 'yarta Talatu a wani gari da tsohon ciki, ita ake jira ta je wankan jego. Talatu ta haifi tagwaye, aka kira, aka kira, shiru, don kira ba ya ratsa tukunya. Sai rana ta tara wani mai tallan manja ya yi mata barka. Ta isa a guje da zane a hannu, ta tarar an raɗa suna, raguna biyu sun ƙare, ko ƙafa ba a ajiye mata ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, uwar miji ce ke yi wa Talatu wanka, tana taƙama. Har ta rasu, in an ambaci tukunya sai ta yi tsaki.

"Ka gani," in ji Baba Lawandi, "kai rashin tsoro ya kusa cinye maka ido, ita tsoro ya cinye mata suna. Koma bakin aikinka, ka tsaya bayan jan layi."

Shamuwa ta dubi maigari ta ce, "Ranka ya daɗe, Cindo ya je asibiti, ido ya lafa, yana nan yana gadi. Ƙarfen nan naka, mai hawa ya tsaya a gaban faifansa shi ke cikin haɗari. Abin da ke isowa ƙasa kaɗan ne ƙwarai. In kuwa ka kayar da shi, wayar da ke manne a kunnenka sai ta ƙara ƙarfi don ta kamo na nesa, kamar mai kiran mutum daga ƙetaren rafi. Masana na nan suna bincike a kan doguwar hira da waya. Kafin su gama, buɗe muryarta ka riƙe ta a hannu. Kanka kuma a kai wa likita ya duba, ba maƙeri ba."

Maigari ya ce, "Wallahi na ji kunya. Na karɓa. Maƙera, ku mai da zartonku, ku ƙera mana shinge a kewaye shi. Kada wanda ya hau sai an kashe. Ni kuma gobe sai asibiti."

Sannan ya harari shamuwa yana murmushi, ya ce, "Amma ke ma faɗi gaskiya. Duk wannan dogon wa'azi, kaina kika zo ceto ko ƙwanki?"

Shamuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙwaina, ranka ya daɗe. Guda huɗu ne, kuma jibi za su ƙyanƙyashe."