Mai Busa Ƙaho Da Leɓen Da Ya Koma Baya

Akwai wani mai busa ƙaho a wata ƙungiyar makaɗa, ana ce masa Ɗan Gayu. Busa kam Allah Ya ba shi, shi ne a kujerar farko, wato jagoran masu busa. Sai dai jin kansa ya fi ƙahon ƙara.

A layin baya akwai wani dattijo da ya rasa haƙoran gaba biyu a hatsarin mota, ya sa na roba. Ɗan Gayu ya laƙaba masa Baba Giɓi, kullum yana tsokanarsa wai rabin iskarsa a banza take fita. Dattijon sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da goge ƙahonsa.

Shi kuwa gogan, haƙoransa na sama sun ɗan turo waje, abin yana damunsa a hoto. Ya je wurin likitar haƙori ta sa masa wayar da ake ɗaure haƙora da ita don su daidaita. Tun farko ta gaya masa leɓen sama a kan haƙoran nan yake jingine, in suka koma ciki shi ma zai bi su, kuma busarsa za ta ji a jikinta.

Ya ce, "Likita, ke dai ki gyara haƙori, ki bar mini ƙaho."

Da wayar a baki ya yi ta lallaɓawa, yana cewa da zarar an cire komai zai dawo. Bayan shekara ɗaya da rabi aka cire. Haƙora sun jeru gwanin sha'awa, leɓe ya kwanta. Ya ɗora ƙaho inda ya saba, sai iska kawai take zurarewa ta gefe. Muryoyin sama duk sun ƙi fita.

Shugaban ƙungiya ya ba shi wata biyu, in bai dawo daidai ba a ba wani kujerar. Tsoro ya kama shi, ya yi ta danna ƙaho da ƙarfi har leɓen ya kumbura.

Wata rana da aka tashi daga gwaji, Baba ya jawo kujera kusa da shi.

Ya ce, "Ɗana, kana neman leɓen da ba ya nan. Ni ma wata bakwai na yi ina neman nawa."

Ya sa shi ya cire bakin ƙahon ya busa shi shi kaɗai a gaban madubi, ya ɗan sauke shi ƙasa da inda ya saba ɗorawa a leɓe, ya riƙe murya ɗaya tak. Haka suka yi kullum har sati bakwai. Ran da wa'adi ya cika shugaba ya saurari busarsa, ya ce kujera tana nan.

Kunya ta rufe Ɗan Gayu. Ya tambayi Baba me ya sa ya taimake shi bayan duk abin da ya yi masa.

Baba ya ce, "Lokacin da ƙaho ya ƙi ni, babu wanda ya zauna kusa da ni. Ban so ka ɗanɗana wannan ba."

Darasi: Kada ka yi wa mutum dariya kan abin da ya rasa, wataƙila a wurinsa za ka koyi yadda za ka tashi ranar da naka ya kuɓuce. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.