Yadi Biyun da Koci Guidry Ya Ci

Koci Lamar Guidry mutum ne mai son a ce nasa ya fi na kowa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana horar da 'yan ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa a cafe da hannu, na ƙaramar kwalejinmu a kudancin Louisiana, kuma ban taɓa jin ya ce "mun gaza" ba. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, yana son yaransa. Amma ya fi son lamba. A bangon ɗakin motsa jiki ya kafa wani ƙaton allo mai sunayen yaran da suka fi gudu, duk baƙon da ya zo sai ya ja shi gaban allon nan kafin ya ba shi kujera.

Ni ne Elroy, mai shafa fentin layukan fili. Shekara talatin ina wannan aiki, kuma da hannuna a cikin abin da zan ba ku labari.

Duk watan Maris, kafin manyan ƙungiyoyi su zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, sukan turo mafarautansu, wato masu nemo musu gwanayen yara, kwaleji-kwaleji, kowa da agogonsa a wuya. Yaro ya ruga yadi arba'in, a danna agogo. Wanda ya yi sakan huɗu da rabi, ya yi gudu mai kyau. Wanda ya yi huɗu da ɗigo uku kuwa, sai an kwana ana maganarsa. Mu ba kasafai suke zuwa mana ba, don haka Koci da kansa yake awon yaransa, a wani tsiri na ciyawa da ke bayan ɗakin motsa jiki. Layi biyu ne kawai a wurin, na tashi da na ƙarshe.

Wata rana da la'asar ina shirin sabunta fentin, ya zo ya tsaya a kaina, ya sa ƙafa ya nuna mini wani wuri.

"Elroy, nan za ka ja layin ƙarshe."

Na ce, "Koci, nan ai talatin da takwas ne."

"Kai tela ne? Wa ya ba ka awon yadi? Yaran nan ƙarfin gwiwa suke bukata. Yaro in ya ji yana da gudu, sai ya yi gudun. Ja kawai."

Na ja. Ba duka na ya yi ba, ba barazana ya yi mini ba. Tsoron ɓacin ransa kawai na ji, na ce a raina mene ne yadi biyu. Tir da ni! Shekara uku ina maimaita fenti a kan ƙarya.

A cikin shekarun nan ne Cedric Batiste ya taso. Ɗan garinmu ne, uwarsa Odessa ita ke dafa abinci a kicin ɗin kwalejin. Aikinsa a fili cafe ƙwallo, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ko ruwa ake tafkawa, in ƙwallo ta taɓa yatsunsa ta zauna. Abu ɗaya ya sa a gaba, wato wata babbar ƙungiya ta kira sunansa ranar zaɓe. Ga ɗan ƙaramar kwaleji irin tamu, wannan dama sau ɗaya take zuwa.

Sunansa ne a saman allon Koci: huɗu da ɗigo uku. Shi kuwa ya yarda da lambar nan kamar sunansa na yanka. In ya wuce ni ina tura keken fenti sai ya yi ihu, "Baba Elroy, matsa kada iskata ta kayar da kai!" Ni kuma in ce, "Tafi can, uwarka ma ta fi ka sauri in wake ya kama ƙonewa." Mu yi dariya. Sau nawa na buɗe baki zan gaya masa, sai in ga farin cikin da ke fuskarsa in haɗiye.

A shekararsa ta ƙarshe, mafarauta bakwai suka ce za su zo saboda shi. Ana gobe za su zo na sami Koci a ofis.

"Koci, bari in gyara layin nan. Mutanen nan ba yara ba ne."

"Ka gyara, yaro ya yi huɗu da rabi, su ce shekara uku ƙarya nake yi? Sauri suke, da rana suna da wani awon a babbar jami'a. Ba wanda zai durƙusa yana gwada ciyawarka."

"To in wani ya gwada fa?"

"Elroy, fenti aka ɗauke ka, ba wa'azi ba."

Da safe mutum shida suka iso, matasa, kowa kansa a waya. Kamar yadda Koci ya faɗa, ba wanda ya kalli ƙasa. Odessa ta bar tukunya ta zo bakin shinge da rigar girkinta. Cedric ya durƙusa, ya dafa layi da hannu ɗaya, ya fyalla. Mutanen shida suka danna agogunansu. Suka haɗa kai suna duba na juna, sai na ji ɗaya ya ce, "Kai! Huɗu da ɗigo uku!" Ya sake gudu na biyu, lamba ba ta canza ba. Odessa ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, Koci kuwa baki har kunne.

Ana cikin gudu na biyun ne na bakwai ya ƙaraso, wani tsoho mai suna Orval Hutchins, da ya yi shekara arba'in yana wannan farauta. Gadar kogi aka ɗaga wa jirgin ruwa, ita ta makarar da shi. Bai ma ciro agogo ba, leɓunansa kawai na ga suna motsi. Ashe takun yaron yake ƙirgawa.

Ya ce, "Koci, wa ya auna filin nan?"

Koci ya ce, "Filin nan ya girmi wasu daga cikinku. Ko ba ka yarda da agogo shida ba?"

"Agogo ba ya ƙarya, abin da aka ba shi yake faɗa. Na kalli wasan yaron nan goma sha biyu a bidiyo, na san tsawon takunsa. Taku ɗaya ya ɓace mini, ina so in san inda ya shiga."

Ya ciro tef ɗin awo daga aljihun kwat, ya waiga, idonsa ya faɗa kaina. "Malam, riƙe mini bakin nan." Ni na riƙe. Na durƙusa a layin tashi, shi kuma yana ja da baya, har ya isa farin layina. Ya duba, ya ƙara taku biyu, ya ajiye hularsa a kan ciyawa.

"Nan ne arba'in."

Koci ya hau faɗa, wai tef ɗin ne ya miƙe, wai ana raina ƙananan kwalejoji, daga baya ya ce kuskuren mai fenti ne. Kusan awa guda ana ja-in-ja a cikin iska mai sanyi. Matasan nan suka soke abin da suka rubuta, har da awon tsallen da sauran yaranmu suka yi, huɗu suka shiga motocinsu. Ɗaya ya tsaya gaban Cedric ya ce, "Kai ma ka sani, ko?"

Cedric ya wuce shi, wurina ya zo.

"Baba Elroy, tun yaushe?"

"Shekara uku."

Ya dube ni. Da ma mari ya yi mini, da ya fi mini sauƙi. Sai ya juya ya ce da tsohon, "Yallaɓai, zan sake. Zan ba ka huɗu da ɗigo uku a kan hularka."

Orval ya ce, "Ɗana, jikinka ya huce. Ka ɗumama tukuna, ko mu bari sai wani mako. Ba wannan lambar na zo nema ba."

"Sun ce ni maƙaryaci ne a gaban uwata. Yanzu zan yi."

Koci, da ya kamata ya riƙe shi, shi ne ya tafa hannu ya ce, "Nuna musu, yarona!" Har a lokacin allonsa yake karewa.

Cedric ya tashi da ƙarfin da ban taɓa gani ba, yana bin lambar da ba ta taɓa zama tasa ba. Ya tsallake farin layina, inda shekara uku ƙafarsa ta saba sassautawa, ya ƙara matsawa. Sai muka ga ya dafe bayan cinya ya kife. Jijiyar cinyar ta tsinke daga ƙashi. A tsakanin layina da hular tsohon ya faɗi, a cikin yadi biyun nan. Ihun Odessa har yau yana kunnena.

Da motar asibiti ta tafi, Orval ya zo ya karɓi tef ɗinsa, ya buɗe littafinsa ya nuna mini abin da ya rubuta tun kafin ya baro gida: "Batiste. Hannu babu kamarsa. In ya yi huɗu da rabi, a ɗauke shi." Ya ce, "Gudun farko da ya yi, in ka mayar da yadi biyunka, huɗu da rabi ne cif. Ya riga ya ci, malam."

Kwana uku aka yi ana zaɓe a ƙarshen Afrilu. Odessa ta dafa shinkafa da jan wake duk da haka, ta ajiye waya a kan tebur. Cedric yana kwance da ƙafa a ɗaure. Aka kira suna fiye da ɗari biyu, wayar ba ta yi ƙara ba. Da shekara ta zagayo ƙafar ba ta koma daidai ba, ga sababbin yara sun taso, ba wanda ya sake tambayarsa.

Kwaleji ta sallami Koci, na ji yana Texas yana sayar da motoci, wai har ya yi ƙiba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wani ya ja, wani ya jiƙe. Ni aka bar ni da kekena, don da kwaleji ta yi bincike na faɗi gaskiya, bayan ta daina amfani.

Cedric yanzu buhuna yake lodi a injin casar shinkafa, yana ɗan ɗingishi. Bara muka haɗu a ƙofar coci, na rasa inda zan sa fuskata. Bai zage ni ba. Ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata, sa'an nan ya ce, "Baba Elroy, da ka gaya mini. Ai huɗu da rabi ma gudu ne."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, awo yana da amfani ne kawai in an bar shi ya faɗi gaskiya. Agogo ba ya auna hannu, ba ya auna zuciya, kuma ɗan abin da yake aunawa ma ba ya bukatar a taimaka masa. Wanda ya ƙara wa na ƙasa da shi abin da ba nasa ba don a yabe shi, ya raba shi da abin da Allah ya ba shi, wanda da ya ishe shi. Kai kuma da kake gani ka yi shiru, kada ka ce ba ruwanka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka faɗi gaskiya tun tana iya ceton mutum, kada ka jira sai an miƙo maka bakin tef.