Ɗorawar da Inna Dije Ta Ƙi Sayarwa

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Dalhatu a wani gari da ke kan hanyar Gummi, yana sarin shinkafa da albasa. Mutum ne mai gaskiya, amma fa akwai matse hannu. Idan ƙwayar shinkafa ta faɗi daga bakin buhu, sai ya duƙa ya tsince ta kafin kaza ta riga shi.

A shekarar 2003 ƙaramar hukumarsu ta ce za a tashi tsohuwar kasuwa daga tsakiyar gari a mayar da ita bakin titi. Abin da ke asusu ba zai isa aikin ba, sai aka yanke shawarar yanka filayen shaguna a sayar wa 'yan kasuwa, da kuɗin a haƙa rijiyar burtsatse, a yi magudanar ruwa da mahauta. Duk mai fili kuma zai riƙa biyan kuɗin ƙasa a kowace shekara.

Dalhatu ya ga ga ranar da yake jira. Ya sayar da shanun huɗarsa da babur ɗinsa, ya haɗa da rabin jarinsa, ya sayi filin da kowa ke haɗiyar yawu a kansa, wanda ya fuskanci gabas daidai bakin kwalta. Kusan duk dukiyarsa ta koma cikin wannan ƙasa.

Matsala ɗaya ce. A gaban filin akwai wata tsohuwar ɗorawa, ƙatuwa, wadda mutum biyu ba sa iya rungume gindinta. Ta cinye wurin shaguna uku, kuma su ne na gaba, masu tsadar haya.

Makau magini, wanda aka bai wa aikin, ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Duk maƙwabta sun sare nasu itatuwan, filin kasuwa ya zama fetal. Suka sa rana, ya zo da masu gatari.

Da suka iso da safe, sai suka tarar da wata tsohuwa zaune a gindin itacen, ƙwarya a gefenta, doguwar ƙugiya jingine da reshe. Inna Dije ke nan, mai daddawa, wadda rabin miyar garin daga hannunta take samun ɗanɗano.

Dalhatu ya rusuna ya gaishe ta, ya roƙe ta ta ɗan matsa kada reshe ya same ta. Ba ta motsa ba. Cikin sanyin murya ta ce, "Ɗiyana, hili naka na, ban musa ba. Amma iccen ga nawa na. Malam Hayatu ƙasa yas sayas, bai sai da icce ba."

Ga waɗanda ba su san ƙauye ba, bari in faɗa muku. A wajenmu ana iya sayar da gona a bar itacen da ke cikinta. Ɗorawa ko tsamiya ko kanya dukiya ce mai zaman kanta, ana gadonta, ana kyautarta. Marigayi Hayatu, mijin Inna Dije, ya sayar da gonar ne a wata shekarar fari, a gaban shaidu ya cire ɗorawar ya ce ta matarsa ce, ta ci daga nan ko bayan ransa. Gonar ta yi ta sauya hannu har ta iso ga hukuma, tsohuwa kuwa ba ta taɓa fashin sauke ɗorawarta ba.

Dalhatu ya nemi dattawan unguwa, suka ce tabbas haka aka yi. Makau ya ja shi gefe ya ce takardar fili tana aljihun Dalhatu, kuma babu inda ta ambaci tsohuwa. A sare kawai, a ba ta ɗan abin goro, kwana biyu magana ta mutu.

Ran Dalhatu ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye muku ba. Ya koma wurin Inna Dije ya taya itacen. Ta ce albarka. Ya ƙara. Ta ce albarka. Ya ƙara har ya kai kuɗin da zai sayi saniya, mutumin da ke tsince ƙwayar shinkafa! Ta girgiza kai ta ce, "Albarka, ɗiyana. Kuɗɗi ƙarewa su kai. Wanga ko duk bazara yana tuna ni."

Masu gatari suka zuba wa Dalhatu ido. Tun yana bin mahaifinsa kasuwa bai taɓa ganin an ce wa mai saye albarka ya sunkuci kaya ya tafi ba. Wanda ya yi haka sunansa daban ne, ba ɗan kasuwa ba. Ya juya ya ce wa Makau, "Sallami mutanen nan. Mai kaya ta ce albarka."

Haka aka gina shagunansa a bayan ɗorawa, guda biyar maimakon takwas, a rakuɓe, daga titi ko ƙofarsu ba a hangowa.

Wayyo, Dalhatu ya sha ba'a! Aka raɗa wa wurin suna Layin Daddawa. In ya wuce sai a tambaye shi nawa tsuntsaye suke biyan haya. Manyan 'yan kasuwa suka kama shagunan da ke fili, shi kuwa sai masu ƙaramin ƙarfi, su ma da ragi. Kuɗin ƙasa kuma ba ruwansa da itace, na fili duka ake karɓa. Shekara biyu yana cikin wannan hali, jari yana zagwanyewa, har ya fara tunanin sayar da wurin. Duk bazara kuma ga Inna Dije da ƙugiyarta, ta sauke ɗorawarta, ta fitar da kalwar da ke ciki, ta aiko masa da ƙullin daddawa. Yakan karɓa ya yi godiya, zuciyarsa na suya.

Sai wata ranar kasuwa a ƙarshen bazara, damina na ƙaratowa, saura kaɗan a sauke ɗorawar bana. Bayan la'asar gabas ta haɗa baƙi ƙirin. Kafin mutane su gama tattara kaya, iska ta iso.

Waɗanda suka ga ranar har yau in suna ba da labari sai sun rage murya. Ban da ɗorawar nan, babu itace ko ɗaya da zai tare ta, ta shigo kasuwa kai tsaye. Kwanon rufi ya riƙa ɗagewa layi-layi yana tashi sama kamar faifai. Ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya, ya sauka a kan buhunan shinkafa da gishiri da sukari da atamfofi. Jama'a suka runtuma Layin Daddawa, don nan kaɗai ake ganin rufi.

Dalhatu yana tsaye a bakin shago, yana kallon ɗorawar. Iskar duka a ƙirjinta take sauka. Ta sunkuya har rassanta suna share ƙasa, ta miƙe, ta sake sunkuyawa, tana wani irin gunji. Can sai aka ji ƙara kamar aradu, manyan rassanta biyu suka tsage suka zube. Amma gindin bai gusa ba. A bayanta kuwa, ko ƙusa ɗaya ba ta cire daga rufin Dalhatu ba. Dalhatu ya ce, "Allahu Akbar."

Da ruwa ya ɗauke, kasuwa ta zama kango, sai shaguna biyar cike da mutane da kaya a bushe. Makau ya zo ya daɗe yana duban itacen, ya cire hula ya mayar, ya ce shi dai yau ya ga ikon Allah. Kafin magariba masu neman haya sun yi wa Dalhatu caa, har da masu tambayar kuɗin tsuntsaye.

Bai saurare su ba, saboda ya hango Inna Dije tana tahowa da sandarta. Ba ta ko kalli shagunan ba. Ta wuce wurin itacen, ta dafa inda ya tsage, ta dubi ɗorawar bana warwatse cikin taɓo, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Bana ba kalwa ke nan."

Dalhatu ya ciro makullin shagon da ya keɓe wa kansa, wanda ya fi kusa da gindin itacen. Ya durƙusa a cikin taɓon nan a gaban jama'a, ya sa mata a hannu. Ta tambaye shi na mene ne.

Ya ce, "Inna, shekara biyu ina haya bayan iccenki, ban taɓa biya ba."

Darasi: Haƙƙin mai rauni ba ya faɗuwa don takarda ba ta ambace shi ba. Abin da ka bari saboda Allah, kana ganin asara ce, wata rana shi zai tsaya tsakaninka da iska. In an ce maka albarka, ka janye hannunka. Ku tura wa 'yan kasuwa da masu sayen filaye da kuka sani, wataƙila akwai wanda gatarinsa ke hannu yanzu haka.