Fuskar Malam a Tsohuwar Kwamfuta

Ku matso ku taya ni, don ni dai na kasa yanke hukunci.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne a Gumel. Da wuya a yi biki ko suna bai ɗauka ba, amma da ya rasu muka duba gida kaf, babu hotonsa ko ɗaya. Kullum yana bayan kyamara. Sai na tuna ranar sunan jikarmu, wani ya fizge kyamarar ya ɗauke shi a bidiyo. Bidiyon yana cikin tsohuwar kwamfutarsa ta shago, mai gurnani kamar injin markaɗe. Na ce wa 'ya'yana uku, duk wanda ya fito min da fuskar ubansu, kyamarar tasa ce.

Ɗan farina, da muke kira Babangida, yana aiki a Fatakwal, ba a ba shi hutu ba. Shi ya iya shiga kwamfuta daga nesa ta intanet. Ina zaune sai in ga 'yar kibiya tana yawo a allo, ba wanda ya taɓa ta. Amma da ya fara bincike sai komai ya ƙame. "Inna, ta sake tsayawa, a kashe a kunna!" Haka muka yi ta fama, ga shi ya ce kowace kashewa tana iya zama ta ƙarshe.

Kubura, wadda ta taso tana yi wa ubanta sharar shago, ta dafa bayan kwamfutar ta janye hannu da sauri. "Yaya, kana can kana danne-danne, abin nan ya kusa gasa masara!" Ta tuna Malam yakan ɗora ta kan bulo biyu ya juyo mata fanka. Ta kwance ta, ta goge cikinta, ta yi yadda yake yi. Zafi ya sauka, tsayawa ta ragu, sai dai da an taɓa bidiyo sai ta sandare.

Babangida ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, kuma an daina yin irinta. Autana Nafi'u, direba ne, ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ya ajiye motarsa ya tafi Kano, ya bi rumfunan masu tsofaffin kaya har ƙafarsa ta kumbura, ya samo ƙarin ƙwaƙwalwar. Ya miƙa wa Kubura. "Ga ta nan, 'yan boko, saura ku ce ba ita ba ce."

Kubura ta sa, Babangida ya shiga ya kwafo bidiyon. Sai ga Malam, hula a karkace, yana dariya yana miƙo hannu: "Kai, ba ni abina, ba ka iya ba!"

Washegari kwamfutar ba ta ƙara tashi ba.

Kyamara ɗaya ce, 'ya'ya uku, kuma dukkansu ni na haife su. To ku faɗa min, a hannun wa zan sa ta?