Gurbin Filibus a Teburin Ubangiji

A wani ƙauye da ke gefen Zandam, ƙasar Gwaram, akwai 'yar majami'ar Angilikan mai rufin kwano, wadda ba ta cin mutum ɗari. Ni nake share ta tun ina budurwa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Cikin 'ya'yan majami'ar nan babu wanda ya kai Filibus Nuhu karatu, kuma babu wanda ya kai shi sanin cewa ya yi karatun. Malamin firamare ne a Birnin Kudu, yakan zo gida duk Juma'a a kan babur, biro biyu a aljihun gaba. Ko mai wa'azi ne ya yi tuntuɓen harshe, sai ka ji Filibus ya yi gyaran murya daga bencin baya.

Abu ɗaya ya rage masa. An yi masa baftisma yana jariri, amma Bishof bai taɓa ɗora masa hannu ya tabbatar da shi ba. A wurinmu kuwa wanda ba a tabbatar ba ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a teburin Ubangiji, kuma Bishof sai bayan shekara biyu ko uku yake isowa ƙauyenmu. Mahaifinsa Baba Nuhu ya tsufa, idonsa ya tafi. Burin tsohon ɗaya ne, ya sha faɗa a gaban kowa: ya durƙusa kafaɗa da kafaɗa da ɗansa a teburin Ubangiji kafin Allah ya kira shi.

Da labari ya zo cewa Bishof zai zo da damina, sai Malam Barnaba, mai koyarwa a majami'ar, ya buɗe ajin tabbatarwa. Yana da wata al'ada: duk wanda ya iya karatu sai ya haɗa shi da wanda bai iya ba, su zauna benci ɗaya har a gama. Filibus ya faɗo wa Inna Tabita mai daddawa, wadda ta ba da gaskiya da tsufanta, kunnenta ɗaya ma ba ya ji sosai.

"Haba Malam Barnaba," in ji Filibus, "ni da nake koyar da yara sittin za ka zaunar tare da su Inna? Ba ni littafin tambayoyin, kwana uku na haddace."

"Ga littafi," in ji Malam Barnaba. "Amma aji wata shida ne, kowace Asabar. Ita kuma wa zai karanta mata?"

"A saya mata rediyo mana."

Asabar uku Inna Tabita tana zuwa ta zauna ita kaɗai a bencinta. A Asabar ta huɗu sai ta bi Filibus har gida don ta roƙe shi. Da ya hango ta sai ya tayar da babur ya yi gaba. Baba Nuhu yana zaure, ya ji komai.

"Zauna nan, Tabita," ya ce. "Ido ne ya tafi, abin yana nan a ciki."

Tun daga ranar, kullum da la'asar za ka same su, makaho yana faɗa da ƙarfi, tsohuwa tana maimaitawa. Ranakun da yake gari, Filibus yakan tsallake takalminta ya shige cikin gida. Wallahi abin yakan ƙona mini rai.

Saura mako guda Bishof ya zo, Rabaran, limamin da ke kula da majami'armu, ya iso daga Birnin Kudu don ya gwada 'yan aji. Filibus ya bayyana da riga a goge. Kowace tambaya aka jefo, kafin a rufe baki ya cafe. Sai Rabaran ya duba takardar Malam Barnaba, ya ce, "Madalla. Wa ka karanta wa?" Filibus ya dubi rufin kwano.

Aka kira Inna Tabita. Ta kawo Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji babu gargada, kuma inda Baba Nuhu yake tsayawa ya ja numfashi, nan ita ma take tsayawa. Muka soma dariya ƙasa-ƙasa, don kamar tsohon ne yake magana da muryar mace. Sai Rabaran ya rufe littafin, ya matso kusa da kunnenta mai ji.

"Inna, me ya sa kike so ki zo teburin nan?"

"Baba Rabaran," ta ce, "shekara sittin ina tuƙa tuwo, ban taɓa ci ba sai kowa ya ƙoshi. Baba Nuhu ya ce mini akwai teburin da Maigidan da kansa yake miƙa wa mutum, ba ya tambaya ko ka iya karatu. Ina so in miƙa hannu a ba ni, ko sau ɗaya ne."

Tsigar jikina ta tashi, har tsintsiyar hannuna ta faɗi ban sani ba. Shekaruna nawa ina jin wa'azi a ɗakin nan, ban taɓa jin tsoron Allah ya sauko mini kamar ranar ba. Rabaran kansa ya daɗe bai ɗago kai ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Malam Filibus, kanka ya cika, ba na musu. Amma ba zan kai wa Bishof sunan wanda bai zauna aji ba. Sai zuwa na gaba."

Ranar tabbatarwa har maƙwabtanmu Musulmi suka zo taya mu murna, Malam Buba ya aiko da ƙwaryar nono. Bishof ya ɗora wa mutum tara hannu. Da lokacin Jibi ya yi, Filibus ya riƙo mahaifinsa zuwa gaba kamar yadda ya saba, ya durƙusar da shi, ya ja da baya. Na ga tsohon ya lalubo gefensa na dama da hannu. Inna Tabita ce ya taɓa, ba ɗansa ba. Sannan ya miƙa tafinsa ya karɓi gurasa. Filibus yana tsaye taku uku a bayansu, hawaye yana ɗiga a kan rigarsa, bai ko share ba.

Baba Nuhu ya rasu ana yankan dawa a shekarar. Filibus ya shiga aji na gaba, bai fasa Asabar ko ɗaya ba, ya karanta wa wani makiyayi har ya iya. An tabbatar da shi bayan shekara biyu, mahaifinsa yana kabari.

Darasin a nan shi ne, ilimin addini ba kaya ba ne da mutum zai kwasa shi kaɗai ya tafi. A cikin jama'a ake koyonsa, da ƙanƙan da kai, kuma sau da yawa wanda ka raina shi Allah yake sa wa maganar a baki. In an buɗe maka ƙofar koyo, shiga yau. Aji zai sake dawowa, amma ba lallai wanda yake jiranka ya kai lokacin ba.